Amaryar Rangwame

'Yan uwa, kafin mu yi nisa ku bar ni in ja tsaki ɗaya mai kyau, don tun ranar Lahadi yake cina. Mtsww! To, alhamdulillahi, yanzu ku gyara zama.

Wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, sunana Rumaisa Uba, shekarata ashirin da bakwai, pharmacist ce ni a wani chemist da ke kan Stockport Road, nan Levenshulme. Har yanzu a gidanmu nake, a ɗan ɗakin sama mai kallon bins ɗin maƙwabta, kuma wannan zaman nawa shi ne ciwon kan Gwaggo Zinatu, yayar Abba da ke Birmingham. In ta kira waya ba ta tambayar lafiyata, sai dai ka ji, "Har yanzu dai shiru?"

Ita ce ta jajibo mini Musbahu, ɗan aminiyarta, accountant a can Birmingham. Tsakani da Allah ba mummuna ba ne. Dogo ne, wankan tarwaɗa, gemunsa a gyare, ga salla a kan lokaci. Amma jama'a, ƙanƙamo! Ranar da ya fara zuwa zance, awa biyu kafin lokaci ya iso, wai coach ɗin safe ya fi araha da fam uku. Muka je café, na ce a ba ni latte, shi ya ce a ba shi ruwan zafi kawai. Ina kallo bawan Allahn nan ya zaro teabag daga aljihun jacket, ya tsoma, ya matse, ya naɗe a tissue ya mayar. Kyautar farko da ya kawo mini turare ne, na juya gindin kwalbar na ga an rubuta ba na sayarwa ba ne. Sauran 'yan mata ana turo musu kalamai da safe, ni abin da nake tashi da shi shi ne: "Slm. Hope kina lfy. Ki duba contract ɗin wayarki, ina ganin ana cutarki."

Wata huɗu muna haka. Ban ce masa ina so ba, ban kuma kore shi ba, saboda duk ranar da na ɗauko maganar sai Umma ta ce in ƙara masa lokaci, hali ne mai kyau namiji ya iya tattali.

To ga inda jirgi ya shigo. Abba zai ajiye aiki a watan Yuli, bayan shekara ashirin da tara yana aikin likita, GP, a Ardwick. Mutumin nan bai taɓa roƙonmu komai ba. Abu ɗaya muka san yana so, shi ne cruise, wato yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Ɗan Dambatta ne, sai da ya shekara talatin ya fara ganin teku, kuma har gobe in ya dawo daga asibiti zai ɗora tabarau a karan hanci ya yi ta kallon manyan jiragen ruwa a waya, yana ce wa Umma, "Ramatu, zo ki ga ikon Allah, wannan hawa goma sha shida ne." Shekara biyu muna tarawa, ni da Yaya Na'ima da ƙanena Nabil da Umma, kowa da abin da yake sakawa ƙarshen wata. Mu tara ne za mu tafi, har da Gwaggo da mijin Yaya Na'ima da yaranta biyu. Da muka tashi booking, sati ɗaya zuwa Norway, aka ce mana fam dubu goma sha ɗaya. Mu kuma dubu bakwai muka haɗa.

Umma tana cikin wannan jimami a kan dining sai ga Musbahu ya zo, don ya gano ranar Asabar ake dambun shinkafa a gidanmu. Ya saurara, ya lashe cokali, ya buɗe laptop.

"Umma, ku bar mini. Waɗannan mutanen ba a biyansu farashin farko."

Bayan kwana goma ya dawo da labari: ya samo mana a dubu bakwai ba ɗari biyu, da sharaɗin a biya duka nan take. Gidanmu ya kaure da murna. Umma har da guɗa ƙasa-ƙasa don kar maƙwabta su kira council. Gwaggo ta yi ta turo voice note a group ɗin gida, ɗaya na bin ɗaya: "Kun gani ko? Wannan shi ne namiji! Wata tana can tana yanga." Sai a ƙarshe Musbahu ya ɗan sosa ƙeya ya ce shi ma zai biyo mu, don a samu mai kula da takardu. Na ce a raina, to, ya je su ƙarata da Nabil a ɗaki ɗaya, ni ina tare da Gwaggo da munsharinta. Na ma ɗan ji kunyar raina shi da nake yi, ku ji fa wauta.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ina break a bayan chemist, ina cin ragowar taliyar jiya, sai ga email daga kamfanin jirgin. Furanni ne suka fara buɗewa, sannan rubutu da ruwan gwal:

"Congratulations, Mr & Mrs Uba!"

Na ɗauka Abba da Umma ake nufi, har na yi murmushi. Na gangara ƙasan email ɗin. Mr Musbahu Uba. Mrs Rumaisa Uba. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, mai baranda. Ranar aure: biyu ga Agusta. Ranar tashi: tara ga Agusta. Wai in zaɓa, cake ɗin amarya chocolate nake so ko vanilla.

Wallahi sai da taliyar nan ta sarƙe ni.

Na kira lambar da ke ƙasa. Wata baturiya mai muryar zuma ta ɗauka, ta fara da taya ni murna. Na ce baiwar Allah dakata, yi mini bayani kamar yarinya. Ta ce ai package ne na sababbin aure: ango da amarya ɗakinsu kyauta, 'yan uwan da suka rako su kuma a rage musu. Na ce to ba kwa neman certificate? Ta ce suna nema mana, amma sai in surname ya bambanta, mu kuwa passport ɗinmu duka Uba ne, ga shi a gabanta. Na ce in ana so a gyara fa? Muryar zuman ta ɗan yi sanyi. Ba a canza suna, ba a canza rana, ba a dawo da ko penny.

Kun gane inda mutumin nan ya shiga? A wurinmu sunan babanka shi ne surname ɗinka. Babana Uba, shi ma babansa Uba, wani Alhaji Uba na Wudil mai sayar da taki. Ba dangin iya ba na baba. A Kano ko akuya ba za ta ɗauka mu ma'aurata ba ne don wannan, layi ɗaya sai ka samu Uba biyar. Amma bature ya ga Uba da Uba, namiji da mace, shi ke nan an ɗaura. Kuma kun san dalilin da ya sa email ɗin ya zo mini? Duk sabon email da aka yi rajista da shi ana ba da fam ashirin da biyar na kashewa a cikin jirgi. Da ya haƙura da wannan, da har yau ban sani ba.

Na ɗauki hoton na tura masa, ban rubuta komai ba. Minti biyu sai ga amsa:

"Zan yi explaining ranar Lahadi a gidan Gwaggo in sha Allah. Pls kar ki kira su, layin nan ana caji per minute."

Ko haƙuri babu. Na kifa wayar, na koma counter.

Da na koma gida Umma tana kitchen tana yanka alayyahu. Na miƙa mata wayar a gaban ido. Ta kalla, ta ci gaba da yanka, kuma yadda ba ta ce innalillahi ba shi ya gaya mini komai.

"Umma, kin sani ke nan."

"Ki bari sai Lahadi."

"Aurena aka sa wa rana ban sani ba, ki ce in bari sai Lahadi?"

"Ke Rumaisa, rage murya. Wa ya ce an sa rana? Lissafi ne aka yi, in Allah ya nufa. Wata huɗu yaron nan yana sintiri, ba ki ce ba kya so ba."

"Ban kuma ce ina so ba! Abba ya sani?"

Ta ajiye wuƙar. "Ki bar babanki ya huta, don Allah. Kar ki kai masa wannan maganar."

Na fito a fusace zan shiga falo, sai na tarar da Abba a zaune da hoton jirgin ya buga a takarda, yana bin hawa-hawan da biro. Ya ɗago yana fara'a. "Rumaisa, zo ki ga, ashe har da wurin zagaye a sama. Bayan asuba zan riƙa yin zagaye uku, in Allah ya kai mu." Na ce Allah ya kai mu, Abba. Na hau sama na rufe ƙofa, na yi kukan haushi son raina. Abin da aka shirya mini ke nan: ko in zama matar mai teabag kafin biyu ga Agusta, ko in zama 'yar da ta nutsar da jirgin babanta.

Ranar Lahadi na shirya kamar mai zuwa kotu. Baƙar abaya mai ɗinkin zare ruwan toka a hannu, mayafi ruwan toka, ba jan baki, ba turare, don ko ƙamshina ban yarda ya shaƙa kyauta ba. Abba ya ja mota, Umma a gaba, ni da Nabil a baya, awa biyu a kan babban titin M6.

Gidan Gwaggo a Small Heath yana nan yadda kuka san gidan Gwaggo: kujerun leda da har yau ba a cire musu roba ba, labule mai nauyi, turaren wuta har yana yaji a ido. An jera waina da miyar taushe da farfesun kayan ciki. Musbahu ya riga mu zuwa, ba sai na gaya muku dalili ba. Ya sha farar shadda da layin ninki a ƙirji, ya haɗa laptop da talabijin ɗin Gwaggo, wai zai nuna wa Abba tsarin tafiya.

Na bari aka ci, aka yi azahar, aka zauna. Yana buɗe baki na riga shi.

"Malam Musbahu, kafin ka fara, nuna wa Abba ɗakina."

Ya yi 'yar dariya. "Za mu zo wurin."

"Mu fara da wurin."

Gwaggo ta harare ni. "Ke, wace irin rashin kunya ce wannan a gaban manya?"

Na buɗe email ɗin, na durƙusa na miƙa wa Abba da hannu biyu. Ya sa tabarau. Robar kujera ta yi ƙara da Nabil ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Nah, that's mad," in ji Nabil. "He's married you off for a discount?"

"Rufe mana baki!" Gwaggo ta daka masa tsawa, sannan ta juyo kaina. "To sai me? Ba auren za a yi ba? Yaro ya yi dabara, ya rage wa ubanki fam dubu huɗu, maimakon ki gode kin zo kina zare ido. Wa zai yi miki wannan a samarin yanzu?"

Musbahu ya gyara zama, ya haɗa yatsu, irin zaman da yake yi wa clients ɗinsa. "Rumaisa, ki kalli abin logically. In an ɗaura biyu ga wata, ba sai mun sake kashe kuɗin honeymoon ba, ga shi an haɗa. Hall ma na duba, ranar da safe ya fi sauƙi da kusan rabi. Kowa ya ci riba."

"Ni fa? Ka tambaye ni?"

"Ai na ga ba ki ce a'a ba."

"Ka taɓa tambaya ta in ce?"

Ya tsaya yana tunani, wallahi da gaske tunani yake, kamar na tambaye shi receipt ɗin bara. Sai ya ce, "To ai in kin ce a'a yanzu, asarar ta yi yawa. Kuɗin nan ba ya dawowa. Ki duba Abba mana."

Kun ji mugunta cikin ladabi? Na kalle shi tun daga hular da nake zargin ta aro ce har zuwa safarsa, na ji duk duniya ba wanda na raina kamarsa. Ko sona bai ce yana yi ba, 'yan uwa, ko na ƙarya.

Nabil ya ɗaga hannu. "Why don't we just swap? Ni in kwana da shi, ita ta kwana da Gwaggo. Who's gonna know?"

"Sannan a kawo cake a gaban Abba ana tafi ana kira na matarsa, kwana bakwai?" na ce. "In kuma suka gano ƙarya ce, sunana ne a takardar, ni ce mai licence ɗin aikin da za a taɓa. Ba da ni ba."

Abba ya ajiye wayar. Ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya kalle ni.

"Rumaisa. Kina son yaron nan ko ba kya so?"

Na ga Umma ta runtse ido. Na tuna shekara biyun da muka yi muna tarawa. Amma tambaya ta aka yi, karo na farko.

"Ba na so, Abba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ya gyaɗa kai a hankali. Musbahu ya zabura. "Amma Abba, ai ku ne..."

Abba ya ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran.

"A soke tafiyar."

"Dakta!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Dubu bakwai fa! Guminsu ne yaran nan! Don wannan mai kan tsiyar..."

"Yaya, na ce a soke. Ba zan hau ruwa a kan ƙarya ba, ba kuma zan aurar da 'yata don rangwame ba." Ya miƙe. "Ramatu, ɗauko jakarki."

Muna sa takalmi a ƙofa ina jin Musbahu yana tambayar Gwaggo ko zai iya tafiya da ragowar wainar. Ban ƙara muku ko wasali ba.

Muka bar Birmingham. Umma ta juya fuska ga taga, ina ganin kafaɗarta tana motsi. Nabil ya toshe kunne. Muka tsaya a services, wurin hutun matafiya, don la'asar, rana tana nan da sauranta. Da na fito daga wurin alwala na hango Abba shi kaɗai a jikin mota, hannu a aljihu, yana kallon manyan motoci suna wucewa. Na je na tsaya kusa da shi.

"Abba, ka yafe mini. Zan ƙara shifts, za mu sake tarawa, ko shekara..."

"Kayya, bar shi," ya ce, har da murmushi. "Ni dama ruwan nan tsoro yake ba ni. Mutumin Dambatta ina shi ina teku?"

Ƙarya yake yi, ni na sani, shi ma ya san na sani. Na riƙe hannun rigarsa na yi ta kuka a wurin parking kamar 'yar shekara biyar. A raina na ce duk sun taru sun sayar da ni, Gwaggo da bakinta, Umma da shirunta, wancan da laptop ɗinsa, mutum ɗaya ne ya tsaya mini, kuma shi ne ya yi asara.

Muka koma mota. Mun wuce Stoke ke nan wayata ta yi ƙara a cinyata. Umma ce, tana zaune a gabana, tazararmu ba ta kai kamu biyu ba, amma saƙo ta turo:

"Kin gama raina kowa kin ware shi. To ki sani, biyu ga Agusta babanki ne ya zaɓa, tun watan Maris. Shi ya ɗauko passport ɗinki a drawer ya ba Musbahu da hannunsa. Ni cewa na yi a fara tambayarki."

Na karanta sau uku. Na ɗago kai a hankali, sai idona ya faɗa cikin na Abba a madubin gaba, ashe ya jima yana kallona. Ya ga wayar a hannuna, ya ga ta Umma a nata.

Shi ya fara kau da ido.